Abin da Goggo Ta Tsallake a Gaisuwa

4 ga Maris

Goggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aiki, ya marasa lafiyarku, ya kuma gwiwar nan taki? Mu nan lafiya lau muke. Maman 'Yan Biyu tana gaishe ki, 'yan biyun sun cika shekara biyu, sun mai da gidan filin kokawa. Ni ma kalau, sai dai 'yar murar nan tawa ta kullum, ita ma da sauƙi.

Goggo, zauna tukuna kafin ki ci gaba da karatu, kada gwiwar ta kayar da ke. An ɗauke ni! Aikin tuƙa injin ɗaga kaya na tashar jiragen ruwa, wanda na shekara uku ina bi. Mu ɗari da tara muka zauna jarrabawa, goma sha biyu aka zaɓa, ɗanki na huɗu. Ranar gwaji aka hau da ni can sama, ɗan ɗakin gilashi ne kamar akurki, manyan motoci a ƙasa kamar kwalin ashana. Na sauke akwatin ƙarfe a kan layin da aka zana, ko ɗan yatsa bai kauce ba. Mai koyarwar ya ce a ina na koyi saiti haka? Na ce shekara goma sha ɗaya ina kafinta, idona ya saba da awo. Har da gida za su bayar, ɗaki biyu da famfo a ciki. Maman 'Yan Biyu tun ranar bakinta har kunne.

To amma ga ƙashin da ya tsaya min a wuya. Sai likitan ma'aikata ya sa hannu kafin a rubuta sunan mutum. Ido lafiya, kunne lafiya, ƙirji lafiya. Da aka zo awon jini sai malamar asibitin ta ɗaura min abin nan a dantse, ta duba, ta sake, ta ce ɗari da hamsin da shida bisa casa'in da takwas. Su kuma ƙasa da ɗari da arba'in bisa casa'in suke so, wai ba a ɗora mai hawan jini a sama da kan mutane. Sau uku ake gwada mutum, na ci ɗaya. Na biyu ranar 22 ga wata, na ƙarshe 10 ga Afrilu.

Na san rabon da mu haɗu tun rasuwar Baba, kuma kakana da mahaifinki ne 'yan'uwa, wani zai ce zumuncin ya yi nisa. Amma duk dangi ke kaɗai ce ma'aikaciyar jinya, kuma ke kika ga yadda hawan jini ya shanye wa Baba ɓarin jiki yana ɗan hamsin. Ki gaya min gaskiya, gadon ne ya iso?

Ɗanki,
Dogo

13 ga Maris

Dogona,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni lafiya, gwiwa tana nan da halinta, ni ma ina nan da nawa. Ka gaishe min da Maman 'Yan Biyu da 'yan kokawar.

Kai, Dogo! Guɗa na rangaɗa a tsakiyar ɗakin allura, wata tsohuwa da na ɗaga wa hannun riga ta zaci haihuwa aka yi. Yaron da ya hau kan kabad ya kasa saukowa sai da aka kira maƙwabta, yau shi ne zai zauna a sama yana ɗaga jirgi? Allah mai iko. Kuma kada in ƙara jin maganar zumunci ya yi nisa. Ni na wanke maka kunne ranar da ka cusa ƙwayar wake a ciki, wannan ya fi kowace takardar dangantaka.

Yanzu maganar awo. Kwantar da hankalinka, wannan aikina ne, shekara ashirin da shida ina ɗaura wa mutane abin nan. Ka rage gishiri, ba rabi ba, ka rage sosai. Ka bar shayin nan baƙi mai kauri da kuke kwankwaɗa a shago. Kullum ka yi tafiyar rabin awa da ƙafa, tafiya ta gaske, ba ta mai zuwa zance ba. Ranar awo ka isa da wuri, ka zauna minti goma ka huta, ka yi fitsari kafin ka shiga, kada ka yi magana ana aunawa, kada ka harɗe ƙafa. Mutane da yawa ganin farar riga kawai ke tayar musu da jini.

Gado kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Hawan jini in yana cikin gida ba ya barin mutum ya manta da shi, sai an riƙa sa masa ido har ƙarshen rayuwa. Amma ana zama da shi lafiya, ana tsufa da shi.

Ka rubuto min da zarar an yi na biyun. Na riga na gaya wa duk asibitin nan, kada ka kunyata ni.

Goggonka

23 ga Maris

Goggo,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Yara lafiya, uwarsu lafiya. Ni ma alhamdu lillahi, sai murar nan da ta ɗan matsa, goshina da kumatuna kamar an cika su da siminti, haƙoran sama suna tsami, in na sunkuya goge katako sai in ji fuskar za ta faɗo. Amma ba wani abu ba ne.

Wasiƙarki ta iso ana gobe awo. Tun kafin ta iso ma na bar gishiri, Maman 'Yan Biyu tana dafa min nawa daban, abinci kamar ana cin soso. Shayi na bari. Ƙafa kuwa har shago nake takawa in dawo. Na isa da wuri, na zauna, na huta, ban harɗe komai ba.

Ɗari da sittin da biyu bisa ɗari, Goggo. Hawa ya yi.

Layin nan naki na karanta ya fi sau goma, inda kika ce ba ya barin mutum har ƙarshen rayuwa. Na gane. Kin faɗa min ne a hankali don kada in karaya. Da na dawo na buɗe akwatin kayan aikin Baba na zauna ina kallon zartonsa. Shekarata talatin da huɗu, in lissafin Baba ne saura min goma sha shida. Tsoro nake ji, ban iya gaya wa matata ba.

Amma ban saduda ba, ina da dabara. Kin san wurin nan ba sa son mai ciwo. Wani da muke layi tare tari kawai ya yi aka tura shi hoton ƙirji, har yau ba mu sake ganinsa ba. Shi ya sa ni ban taɓa bari sun ji ina jan hanci ba. Duk ranar awo nakan sha ƙwayar murata, mai ja da fari ɗin nan ta kemis, in fesa maganin hanci, in haɗa da maganin ciwon kai, sai in shiga garau kamar ango. A na farko ƙwaya ɗaya na sha. A na biyu na sha ɗaya da rabi, amma duk da haka sai da na ja hanci sau ɗaya malamar ta kalle ni, ina jin wannan fargabar ce ta tayar da jinin. To ranar 10 ga wata biyu zan sha, feshi kuma a bakin ƙofa zan yi shi. Ko atishawa ba za su ji ba!

Maman 'Yan Biyu cewa take ni ne mai sa'ar gidan, shekara uku hancina a toshe, ban taɓa jin warin ƙunzugun yara ba, ita kaɗai ke shan azabar.

Ki sa ni a addu'a.

Dogo

2 ga Afrilu

Dogo,

Babu gaisuwa yau. KADA KA ƘARA SHAN ƘWAYAR NAN. Kada ka fesa komai. Ka karanta wannan a tsaye in ka ga dama.

Innalillahi! Ni ce babbar sakarya, ba kai ba. Da na karanta dabararka takardar faɗuwa ta yi daga hannuna. Na janyo gwangwanin da nake tara wasiƙu, na zazzage naka a kan gado, har na shekarun baya. Kowace ɗaya, a layi na uku ko na huɗu: sai 'yar mura, sai 'yar mura. Shekara uku kana gaya min ciwonka, ni kuma ina tsallake gaisuwa kamar yadda kowa ke yi, ina sauri in kai ga labari.

Saurara. Wannan ba mura ba ce. A cikin ƙasusuwan fuska, goshi da kumatu da gefen hanci, akwai 'yan koguna da iska ke zama. Ƙurar katakon da kake shaƙa ta kumbura su, majina ta taru ta rasa hanya, daga baya ta ruɓe. Shi ne nauyin fuskar, shi ne tsamin haƙoran. Ciwon kansa, da rashin barcin kirki don numfashi ta baki, suna ɗan ɗaga jini. Amma babban ɓarawon ƙwayar ce. Yadda take buɗe hanci shi ne ta matse jijiyoyin jinin da suka kumbura. To ita ba ta san iyakar hanci ba, duk jiki take matsewa, kamar ka take tiyo da ƙafa ana ban ruwa. Maganin ciwon kan ma, in irin wanda nake zato ne, yana ƙara nasa. Feshin kuwa kwana uku aka ce, ba shekara uku ba, in ya wuce haka shi da kansa ke toshe hancin don ka sake nemansa. Wato duk ranar awo da hannunka kake hura jinin, sannan ka miƙa musu dantse!

Kuma wa ya ce maka na yanke maka hukunci? Cewa na yi a sa masa ido. Ka karanta rabin layi ka je ka zauna gaban zarto kana ƙirga shekaru. In na kama ka sai na ja kunnen nan na wake.

Ga abin yi. Ka zuba duk magungunan a leda ɗaya, ka kai wa likitan nan, ka juye masa a kan tebur, ka gaya masa komai. Na san kana tsoro. Ka yi duk da haka. Ba zan ce maka gadon babu shi ba, sai an cire wannan tarkacen za a ga ainihin jininka.

Wasiƙa takan yi kwana takwas ko tara tsakaninmu. Na ƙirga da yatsu har sau uku. Ya Allah ka sa wa motar gidan waya fiffike.

Goggonka

11 ga Afrilu

Goggo!

Sallama a gurguje, kowa lafiya, ni kuwa hancina kamar an liƙe da gam, kuma wannan karon ki karanta da kyau.

Jiya da safe babu wasiƙarki. Kwana goma sha takwas shiru, na ce shi ke nan, Goggo ta rasa abin faɗa. Na haɗiye ƙwaya biyu, na yi feshi a bakin ƙofa kamar yadda na tsara, na zauna a benci, lamba ta bakwai a hannuna. Ana kan na biyar sai ga Maman 'Yan Biyu ta faɗo ɗakin jira tana haki, yaro ɗaya a goye ɗaya a kafaɗa, takalmi ɗaya ya tsinke. Ashe ta biya gidan waya, ta ga rubutunki, ta ga kin ja layi uku a ƙarƙashin GAGGAWA a bayan ambulan, ta buɗe a hanya. Ta ce, "Baban 'Yan Biyu, ka sha?" Na ce na sha. Ta dafa kai ta ce, "Mun shiga uku."

Na karanta. Na ji zuciyata tana buga min a kunne, yau na san dalili. Aka kira na shida.

Ga abin da ban gaya miki ba. A takardar farko akwai tambaya, kana shan wani magani? Na rubuta a'a. Wallahi ba da niyyar ƙarya ba, ni a wurina maganin mura ba magani ba ne, kamar alewa yake. Amma an rubuta a ƙasa cewa wanda ya ɓoye ciwo an sallame shi. In na yi shiru, awo zai kayar da ni. In na yi magana, takarda za ta kayar da ni. Na ce wa matata mu tafi gida kawai. Ta ce, "Ban tsinka takalmina a banza ba. Shiga."

Ledar ma ita ta samo, a jakar yara, magungunan kuwa dama suna aljihuna. Na shiga, likitan wani dattijo mai tabarau a kan hanci. Kafin malamar ta taɓa ni na juye masa kwalaye da kwalabe a tebur, na ajiye wasiƙarki a kai. Ya ɗauki kwali ɗaya ya juya, ya karanta takardarki tun daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Wace ce wannan?" Na ce goggona ce. Ya ce, "Ta fi ka hankali." Na ce ai kowa ya sani. Sai ya miƙo babban yatsa ya danna min kumatu a ƙarƙashin ido, na yi tsalle har kujera ta faɗi.

Ya sa aka auna ni don ya gani. Ɗari da saba'in bisa ɗari da huɗu! Ya ɗauki biro. Ya ce ba zai rubuta wannan a matsayin awo na uku ba, don ba ni ya auna ba, kemis ya auna. Ya gyara amsata ta takardar farko ya sa na sa hannu. Ya ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana goma, ya koya min wanke hanci da ruwan gishirin da aka tafasa ya huce, ya ce in sa takunkumi a shago ko in bar shagon. In dawo ranar 22. Ranar 24 ake rufe sunaye, babu wani ɗagi bayan wannan.

Kin ga ikon Allah, gishirin da aka hana bakina yanzu hancina ke sha.

Dogo

20 ga Afrilu

Dogona,

Assalamu alaikum. Na karanta gaisuwarka sau biyu kafin in wuce. Hancin zai toshe fiye da da na 'yan kwanaki, haushin feshin ne, ka daure. Ka ce wa matarka takalmi yana hanya, ita ce 'yata, kai suruki ne.

Wannan ba za ta same ka ba sai an gama komai, shi ya sa zan iya rubuta abin da ke ciki. Ranar da na zazzage gwangwanin nan ba naka kaɗai na gani ba. Akwai na babanka guda tara. A shekararsa ta ƙarshe, kowace ɗaya haka take: muna lafiya, sai ɗan ciwon kai da jiri, da sauƙi. Ina da na'urar awo a jakata a lokacin, Dogo. Na amsa masa maganar fili, na amsa maganar makarantarka, ban taɓa ce masa je ka a auna ka ba. Shekara goma sha ɗaya ina cewa ciwon ba zato ya zo masa. Ba haka ba ne, ya gaya min sau tara.

Na yi kuka, na share, na tafi aiki. Ko ka samu aikin nan ko ba ka samu ba, duk wata za ka aiko min da lambar jininka a rubuce. Wannan ba roƙo ba ne.

Jibi da safe ina nan ina kallon agogo.

Goggonka

29 ga Afrilu

Goggo,

Assalamu alaikum. Ga lafiyata dalla-dalla: goshi sakayau, haƙora lafiya, barci har da minshari mai daɗi in ji matata. Jini, ɗari da talatin da huɗu bisa tamanin da shida.

Na wuce, Goggo! Na wuce! Likitan ya auna sau biyu, ya sa hannu, ya buga hatimi, na rungume shi har tabaransa ya karkace. Ya ce kada in yi rawar kai, lambar tana bakin iyaka, gadon yana nan yana leƙe, in riƙa zuwa duk wata, kuma duk maganin murar da zan saya in fara tambaya ko ya dace da mai hawan jini. Na ce akwai wadda ta riga shi kafa dokar. Ranar Litinin zan fara, an ba ni hular kwano da mabuɗin gida.

Wasiƙarki ta iso jiya. Goggo, Baba da ya rubuta da sauƙi shi ma bai ɗauke shi ciwo ba, kamar yadda ban ɗauki nawa ba. Mu muka ɓoye abin a inda muka san ba a dubawa. Ke kuma kin koma kin duba, shi ya sa 'yan biyu za su tashi a gida mai famfo da ubansu a raye. Kada ki ƙara kuka a kan wannan.

Bari in ba ki na ƙarshe. Shekaranjiya da hantsi ina ɗaure kaya a kwali, sai na ji wani abu ya doki hancina, na ce, "Kai, me ya mutu a gidan nan?" Maman 'Yan Biyu ta saki tsintsiya ta yi ta dariya har da zama a ƙasa, ta miƙo min ƙaramin ta ce, "Barka da zuwa. Bismilla, yau layinka ne." Na wanke shi ina yamutsa fuska, na shafa masa mai, na ɗauke shi. Ya kwantar da kansa a wuyana.

Goggo, ashe kan yaro ƙamshi yake? Shekara biyu ina ɗaukarsu ban sani ba. Na kira ɗayan ma na shinshina. Na tsaya a tsakiyar kwalaye riƙe da su, uwarsu tana tambayata lafiya, ni kuwa sai ƙara shinshinar kawunansu nake yi.

Ɗanki,
Dogo